Mai Yajin Tudun Wada Da Kuɗin Adashinta

Wasiƙar wannan makon daga Tudun Wadan Zariya ta fito. Na ɗan rage mata tsawo, amma maganar tata ce:

"Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, 'ya'yana uku. Shekara biyu ke nan ina daka yajin daddawa da na tafarnuwa da garin kunun tsamiya ina sayarwa a cikin gida. Masu saye a wurina maƙwabta ne da 'yan Islamiyyarmu, sai wasu ɗalibai da ƙanwata ta haɗa ni da su a Kongo. Bayan ƙaramar Sallah ƙanin maigidana ya matsa min, na biya wata mai yawan mabiya a TikTok naira 40,000 ta tallata min kaya. Kwana biyu wayata ba ta huta ba, kowa 'nawa ne?', amma mutum 4 kacal suka saya. Yanzu zan kwashi adashi, naira 150,000. Ya ce kuskurena ƙaramar mai talla na ɗauka, in kai gidan rediyo ko in nemi wadda ta fi ta. Mahaifiyata kuma ta ce in daina wahalar da kaina, kaya mai kyau shi ke sayar da kansa. Ga dangi da ƙawaye, kowa ta zo sai ta ɗauki roba ta ce za ta yi min talla, daga nan ba kuɗi ba labari. Ni kuma kunya ba ta bari na in ce wa mutum ya gaya wa wani. Ina zan sa kaina?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya sanya albarka a turminki, Ya raya zuri'a.

Ɗauko biro mu yi lissafi tukuna. Naira 40,000 kika fitar, mutum 4 suka saya. Ke nan kowane ɗayansu ya ci miki naira 10,000 kafin ya taɓa robar yajinki. To matan Islamiyya da ɗaliban Kongo da suka riƙe ki shekara biyu, nawa kika kashe suka zo? Ko sisi. Ƙanwarki ce ta buɗe roba a ɗakin kwanansu, aka barbaɗa a kan shinkafa da wake, wata ta ce a ina kika samo. Amsar tambayarki tana cikin wasiƙarki tun kafin ki aiko ta.

Kada ki ga laifin yarinyar TikTok ɗin. An biya ta ta nuna wa jama'a, ta kuwa nuna. Sai dai mai kallonta wata tana Fatakwal, wata tana Sakkwato, kuɗin motar da zai kai mata yajin ya fi yajin tsada. Wadda ke kusa kuma ba ta san ki ba. Abin da za a sa a baki ba atamfa ba ne da ido zai yanke hukunci a hoto. Mace tana so ta san hannun wa ya daka, an wanke barkonon ko da ƙurar kasuwa aka zuba shi a inji, jan nan na barkono ne ko kala aka ƙara. Bidiyo ba ya ɗauko ƙamshi, ba ya kuma rantsuwa a kan tsabtar mutum. Maƙwabciya ce ke iya wannan.

Masu bincike ma sun auna abin. A wani bincike da ya fitar a shekarar 2012, kamfanin Nielsen ya tambayi mutane fiye da 28,000 a ƙasashe 56 wace irin talla suka fi yarda da ita, kashi 92 cikin 100 suka ce maganar ɗan'uwa ko aboki. Amma ai ba sai Bature ya gaya wa Bazazzagiya wannan ba. Ki shiga cikin birni ki ga maɗinkan babbar riga da ke zaune a zaure, ba allo ba suna a bango, aiki kuwa ya yi musu yawa har ana bin su da magiya kafin Sallah. Tallarsu guda ce: mutum ya sa rigar ya fita ƙofar fada ranar hawa, wani ya kama hannun rigar ya ce wa ya yi maka wannan aiki. Haka iyayenmu suka yi kayan ɗaki a hannun dillaliya, wadda ke shiga gida-gida da ƙullinta, ba ta da abin da ta dogara da shi sai cewa an san ta.

Ga abin da nake so ya zauna miki, don shi ne ginshiƙin sauran maganar. Duk matar da ta ce wa surukarta "ki sayi yajin Maman wane", mutuncinta ta ara miki. In aka tauna tsakuwa a ciki, ba ke za a fara kira ba, ita za a ce wa "ke kika haɗa ni da ita". Shi ya sa mutum zai yi shekara yana sayen abu a wurinki yana jin daɗinsa amma bai taɓa turo kowa ba. Ba rowar baki ba ce. Bai gama tabbata ba ne cewa abin da ya samu jiya shi baƙonsa zai samu gobe.

Ni kaina na taɓa ƙonewa. Akwai wata mai turaren wuta da na daɗe ina saye a hannunta, na yabe ta a gaban dangin maigidana har aka ba ta aikin turaren amarya gaba ɗaya. Da ta ga aikin ya yi yawa sai ta tsawaita shi da itace marar jiƙo. Ranar kai amarya aka zuba a kasko, hayaƙi kamar an hura murhu da ɗanyen ice. Yau shekara nawa, in an zauna hira sai an tuna min. Ita ta ci ribar rana ɗaya, ni kuwa ban sake ambaton sunanta ga kowa ba.

Saboda haka aikinki na farko a kan turmi yake. In da ido kike awo, ki daina. Ki rubuta a takarda: mudu kaza na barkono, gwangwani kaza na citta, kaza na kanumfari da masoro da kimba, daddawa kaza, gishiri kaza. Ko ba ki da lafiya 'yarki ta haɗa, ɗanɗanon ya fito iri ɗaya. Ranar da barkono ya yi tsada, ki ƙara kuɗi ko ki rage girman roba ki faɗa da bakinki, amma kada ki cika da abin da ba shi ba. Mai saye yana yafe tsada, yana ƙorafi ya biya. Abin da ba ya yafewa shi ne ya gane da harshensa an yi masa wayo. Sai kuma damina, wadda ita ce babbar abokiyar gabar mai yaji. Daddawar da ba ta bushe sarai ba takan sa yaji ya dunƙule, ya canza wari, wani lokaci har ya yi furfura. Ki rage yawan dakan, ki yi kaɗan-kaɗan, ki rufe da kyau. In wani kaso ya taɓu, kada ki tura shi ƙasan roba. Kin san hadisin da ke cikin Sahihu Muslim: Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi.

Hajiyarku ta yi gaskiya, Allah Ya ƙara mata lafiya, amma gaskiyar tata da saura. Kaya mai kyau yana sayar da kansa, sai dai ba shi da ƙafa, ba shi kuma da baki. Ki ɗauka an kai robar yajinki gidan suna a Gyallesu. Baƙuwa daga Hanwa ta ci, ta ji daɗi, ta juya robar gaba da baya ba ta ga komai a jiki ba. Mai jego tana ɗaki da jama'a, wa za ta tambaya? Cinikin ya mutu a nan ba ki ma san an yi shi ba. Ki je wurin masu buga takardu a Sabon Gari ko PZ a yi miki 'yar takarda mai mannewa: sunan kayan, unguwarki, lambar waya da manyan baƙaƙe. A manna a jikin robar, ba a murfi ba, don murfi ɓata yake yi. Kuma lambar nan kada ki canza ta ko da za a ba ki layi kyauta.

Akwai wani mutumin Biyetnam, David Tran, da ya yi gudun hijira zuwa Amurka ya fara haɗa miyar barkono a birnin Los Angeles a 1980. Kamfaninsa Huy Fong ya shahara da cewa ba ya biyan kuɗin talla. Kwalba ce mai hoton zakara da koren murfi, da adireshi da lambar waya a jiki. Mutum ya ci a gidan abinci, ya karanta kwalbar, ya nema. Da haka ta zagaye ƙasar. Abin da ya taɓa tsayar masa da aiki a 2022 ƙarancin barkono ne, ba ƙarancin masu saye ba. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa in mun zo rabon kuɗin adashi.

Yanzu ga masu "zan yi miki talla". Wannan ciwo ne na duk mai sana'ar cikin gida, kuma ba a warkar da shi da faɗa, don gobe da su za ki zauna a biki. Ki raba ɗanɗano da kwasa. Ki yi ƙananan ƙulli, cokali biyu ko uku, kowanne da lambarki a jiki. Duk wadda ta miƙa hannu kan roba, ki tare ta da fara'a ki ce, "Yaya, wannan na ciniki ne, an ƙirga shi. Ga naki na ɗanɗano, ga kuma biyu ki kai wa maƙwabtanki." Wadda da gaske take za ta kai. Wadda yajin banza take nema za ta ɗan ɓata rai sau ɗaya ko biyu, daga nan ta saba. Ki lura da abu guda: wadda ta ci kyauta ba kasafai take talla mai ƙarfi ba, don in aka tambaye ta nawa ake sayarwa ba ta ma sani ba. Wadda ta zaro kuɗinta ta biya, ita ce ke kare kayan a gaban mutane, saboda tana kare wayonta ne. Iyaye da surukai kuwa ba sa cikin wannan lissafi. Nasu ihsani ne, ki kai musu da hannunki kafin su tambaya.

Ƙullin ɗanɗanon nan kuma ba a watsa shi kamar hatsin kaji. Ki duba inda yaji ke da aiki kuma mata ke taruwa. Gidan jego na gaba da komai: kwana bakwai ana shige da fice, ana dama kunu, ana cin nama da yaji, kuma duk wadda ta zo barka tana da tukunya a gidanta. Ki kai wa mai jego roba guda a matsayin barka, ba sai kin ce uffan ba. Sai maniyyata, waɗanda ba sa tafiya ba yaji da garin kunu a jaka, ga shi kuma a masauki ɗaki ɗaya suke da matan wasu garuruwa. Sai azumi, lokacin da garin kununki zai fi yajin gudu, amma fa tun Sha'aban ake sanar da mutane. Ɗalibai kuma kin riga kin sa ƙafa. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take tara 'ya'yan ƙasar nan daga kowace kusurwa, ga Jami'ar Ilimi ta Tarayya (wadda a da kwaleji ce), ga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli. Yarinyar da ta saba da yajinki a Amina Hall, masaukin ɗalibai mata na jami'ar, in hutu ya zo tsaraba za ta yi da shi zuwa Jalingo ko Ilori. Sai dai kada ki jingina da su kaɗai. Masu sana'a a Samaru ba su manta 2022 ba, lokacin da yajin aikin malaman jami'a ya kai wata 8, gari ya yi tsit. (Yaji dai iri-iri ne, wani ya gyara miya, wani ya kashe kasuwa.)

Batun kunya na fahimce ki sarai. An raine mu a kan yabon kai jahilci ne, kuma mace mai kamun kai ba ta son a ce tana roƙo. Amma ba a ce ki yabi kanki ba. Ki jira sai mai saye ta yaba da bakinta, ta ce wallahi Abban su ya ce kada a sake sayo wani. A daidai nan za ki ce, "Na gode ƙwarai. In kin ji mai nema, ina nan." Shi ke nan. Ba roƙo a ciki, kin nuna mata ne cewa ƙofa a buɗe take. Da yawa ba sa turo mutane don suna zaton kayan naki na 'yan unguwa ne kawai, kada su ɗora miki nauyi.

Ki sayi littafi mai arha ki ajiye kusa da kayan. Duk sabuwar fuska, ko sabuwar lamba a waya, ki tambaye ta wa ya turo ta, ki rubuta. Bayan wata uku ki buɗe ki duba. Ina kyautata zaton za ki tarar sunaye kaɗan ne ke ta maimaituwa, kuma ba lalle su ne waɗanda suka fi saye da yawa ba. Wata robar naira 500 take ɗauka, amma malamar makaranta ce, ko mai kitso, ko uwar adashi, bakinta na isa inda naki ba ya zuwa. Waɗannan su ne gidan rediyonki. In sun zo ki cika musu gyara, ki aika musu sabon haɗi su fara ɗanɗanawa, da Sallah ki tuna da su. Ki kuma ce musu, "Wance ta zo, ta ce ke kika turo ta, Allah Ya bar zumunci." Jin cewa maganarta ta yi aiki yana yi wa mutum daɗi fiye da yadda kike zato.

A nan sai na ja miki kunne. Godiya bayan an yi daban, sayen baki kafin a yi daban. In kina son dillaliya, ki ɗauki dillaliya a fili, a yanka la'ada, kowa ya san sana'arta take yi. Wannan tsohuwar hanya ce kuma ba ta da aibi. Abin da ba na so shi ne ki bi ƙawaye a ɓoye kina cewa duk wadda ta kawo mutum tana da naira kaza, su je suna rantse-rantse a kan abin da ko buɗe shi ba su yi ba. Ko ki sa ƙannenki su turo miki saƙon yabo da lambobi daban-daban ki ɗora a WhatsApp. Zariya ƙarama ce ga mai irin wannan. Mun ga inda sayen baki ya kai mutane: MMM, tsarin nan na zuba kuɗi a jira riba, ba da allon kan titi ya shiga gidaje ba, ɗan'uwa ne ya jawo ɗan'uwa saboda an yi masa alkawarin kaso. Da aka rufe asusun mutane a Disambar 2016, kuɗi sun tafi, zumunci ya bi su. Yabon gaskiya kuwa in mai saye ta turo miki, ki nemi izininta kafin ki nuna wa duniya, ki kuma rufe sunanta da lambarta. Kada ki jefa mutane cikin zauren WhatsApp ba ki tambaye su ba.

Bakin da ke kai yabo shi ke kai suka, kuma suka ta fi sauri. Ranar da wata ta ce gishiri ya yi yawa ko garin kunun ya yi tsami fiye da kima, kada ki tsaya kare kai. Ki karɓa, ki canza mata, ki yi godiya. Ta yi miki alheri da ta kawo miki maganar, ba ta kai ta gidan biki ba. Haka nan alkawari: in kin ce mai Keke zai kai kaya Kwangila a sa a motar Funtuwa kafin azahar, to ya kai kafin azahar.

Ban ce talla ta kuɗi haramun ba ce. Tana da ranarta: in kin buɗe shago kina so a san wurin, ko kin kai matsayin da za ki iya cika oda 100 a mako ba tare da ɗanɗano ya motsa ba. Ke da turmi ɗaya da inji na haya, in rediyo ya yi aiki ma wahala ce, don jama'a za su zo ki rasa abin ba su, ko ki yi gaggawa ki ɓata hannu. Ga kuma hukuma. Abincin da aka ƙulla aka sa wa suna ana sayarwa, rajistar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ake nema masa, kuma tallata shi a kafafen watsa labarai sai da amincewarta. Ki fara tambayar yadda ake yi tun yanzu, don duk ranar da kike son manyan kantuna su karɓi kayanki lambar za su fara dubawa. Kafin nan ki hana masu yabonki wuce gona da iri. In kin ji ana cewa yajinki yana maganin sanyi ko basir, ki ce a'a, na cin abinci ne.

Kuɗin adashin, da ni ce, kaso mafi tsoka zai tafi ga barkono da citta da gero in kaka ta yi, lokacin da suke araha, a shanya su bushe ƙayau a adana inda danshi ba ya kaiwa. Wannan ne zai ba ki damar riƙe farashi da ɗanɗano sa'ad da wasu ke rage hannu. Sai robobi masu murfi mai kamawa da takardar mannawa, sai ɗan sikeli. Ki ware kamar naira 15,000 don ƙullin ɗanɗano, ki ga gida nawa za su shiga in aka kwatanta da mutum 4 ɗin can. Abin da ya rage ki ɓoye shi, ciniki ba ya rasa ranar ɓacin rana.

Ƙanin maigidanki kuma kada ki watsa masa ƙasa a ido, ci gabanki yake so, ya ɗauko abin da yake gani a waya ne. Ki sanar da maigida shawarar da kika yanke tukuna. Shi kuma ƙanin ki ce masa, "Baban yara, na ji shawararka, a ba ni wata shida in gwada wannan, in bai yi ba mu koma taka." Sannan ki damƙa masa ƙulli 10 ya kai majalisarsu da wurin mai shayin da yake zama, a zuba a kan ƙwai da taliya. Tunda yana son talla, ga ta nan.

In kin yi sabon daka ki aiko min da robar na daddawa guda, mai ɗan zafi-zafi. Ki haɗo da farashi, don ni biya zan yi.